Yakuwa a Tsakar Gida: Ta Cancanci Wurin da Take Ci?

Da zarar ruwa ya zauna a Gashuwa, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, akwai gidajen da uwargida za ta kwance wani ƙullin tsumma ko ta zazzage tsohon gwangwanin madara, ta fito da gurguzun bara, ta tona 'yan ramuka a gindin katanga ta binne. Ba ta jiran malamin gona, ba ta sayen takin zamani, tunda kashin awaki na nan jibge a turke. Kafin mako ya zagayo tsiro ya leƙo, da jan kara siriri da ganye biyu. A Katuzu, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Bade, wannan 'yar shuka takan raba kan mutanen gida. Wasu na ganin gidan da babu yakuwa ya yi asarar damina. Wasu kuma na ganin cin wuri ne da tara sauro a kan abin da ake aunawa da mudu a kasuwa.

Kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba.

Masu goyon baya sukan fara da cewa yakuwa ba shuka ɗaya ba ce a wajen mai girki. Ganyenta shi ne yakuwar miya, wadda mutanen Sakkwato da Nijar ke kira sure. Jan ƙoƙon da ke rungume da 'ya'yanta bayan fure ya faɗi shi ne zoborodo, wanda ake dafawa a sha. Ƙwayar da ke ciki ita ce gurguzu, kuma da ita ake yin daddawar batso: a dafa ta tsawon sa'o'i da ruwan toka har ta yi laushi, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a daka, a shanya. Ko karan ba a yar da shi, ana ƙona shi a tace toka, wasu kuma su ɓare bawon su tuƙa igiya kamar yadda ake yi da 'yar'uwarta rama. Da wuya a sami wata shukar da za ta ba gida miya da abin sha da kayan ɗanɗano daga gindi guda.

Lokacin da ganyen ke zuwa shi ne ya fi komai ƙarfafa wannan hujja. A watan Agusta, tsakiyar marka, hatsin bara ya yi ƙasa a rumbu, sabon gero bai nuna ba, tumatir ya yi tsada saboda na rani ya ƙare. A daidai wannan gaɓa ne yakuwar da aka shuka a Yuli take cika da ganye. Mace za ta fito daga madafa da tukunya a wuta, ta taka taku biyar, ta tsinko tafi biyu, ta ɗauraye, ta yayyanka a cikin fate ko miyar taushe, ta jefa 'yar kanwa ta kashe kaifin tsamin. A garin da kifi yake a ƙofar gida, daga kogin Yobe da fadamun da suka miƙa har Nguru, an daɗe da sanin yadda tsamin yakuwa ke kashe ƙarnin tarwaɗa. Ganyen da aka tsinka yanzu kuwa daban yake da wanda ya kwana a faifan talla ya yanƙwane. Wannan riba ba ta shiga lissafin kowa, domin babu kuɗin da ya fita daga aljihu balle a tuna da shi.

Masu adawa ba sa musun daɗin miya. Abin da suke kawowa lissafi ne, kuma lissafin nasu yana da ƙarfi. Ɗanyen zobo kusan duk ruwa ne: sai an shanya kimanin kilo 10 kafin a sami kilo 1 busasshe. Ko da a ce kowane gindi ya yi albarka ya ba da kilo guda ɗanye, abin da ba kasafai yake faruwa a rairayin arewacin Yobe ba, gindi goma za su tashi da kilo guda ne kacal bayan wata biyar ana tsaro. Gidan da ke da mutum goma sha biyu zai iya shanye wannan kafin azumi ya raba. Ita kuwa matar da ke dafa zobon sayarwa kullum, tana ɗurawa a gora tana sa ƙanƙara, gindi goma ba za su kai ta ko'ina ba. Dole ta koma wajen mai awo.

Ga kuma wahalar cira. Bayan fure ya faɗi da mako biyu zuwa uku ƙoƙon yake cika, kuma ba rana ɗaya suke nuna ba, daga ƙasa suke farawa su yi sama, saboda haka sai an riƙa komawa. Kowane ɗaya sai an tsinke shi, an tsaga, an zare ƙwanson da ke ciki. Ƙwanson nan yana da wani gashi mai ƙaiƙayi da ke shiga tsakanin yatsu, ruwan zobon kuma ya rina hannu ya yi ja, in akwai 'yar tsaga a fata tsamin ya shiga ya yi zogi. Wanda ya taɓa zama a tabarma da kwando cike a gabansa ya san ba aikin minti goma ba ne. Masu adawa suna tambaya: me zai sa a sha wannan wahala alhali maƙwabciya Jigawa na cikin manyan masu noman zobo a Najeriya, buhuna na tashi daga Maigatari zuwa kasuwar Dawanau a Kano, manoman Yobe ma suna zagaye gonakin gero da shi a kan iyaka?

Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce, kasuwar zobo ta daina zama ta cikin gida kaɗai. Abin da Bahaushe ke sha da buɗa-baki shi ne Misirawa da Sudanawa ke kira karkade, Sanagal bisab, Gana sobolo, kuma a Meziko yana cikin abin shan yau da kullum. Meziko ta zama babbar mai sayen zobon Najeriya. A wajajen 2018 ta dakatar da karɓarsa bayan an ga wani ƙwaron rumbu a cikin kayan da aka kai, sai da aka ɗauki shekaru ana tattaunawa kan yadda za a riƙa yi wa kayan hayaƙin kashe ƙwari kafin a sake buɗe ƙofa. Abin da wannan ke nufi ga mai sayen rabin mudu a Katuzu shi ne, farashin da za a faɗa mata yana iya hawa ko sauka saboda shawarar da aka yanke a wata nahiya, ko saboda darajar dala. In masu fitar da shi waje suka shigo kasuwa da ƙarfi, su ne ke kwashe mai kauri, mai duhun ja. Wadda ta ajiye nata a tulu ba ruwanta da wannan.

Hujjar tana da kyau, sai dai ba ta rushe lissafin farko ba. Kilo guda kilo guda ne, ko farashi ya hau ko ya sauka.

Inda muhawarar ta fi zafi shi ne maganar lafiya, kuma a Gashuwa wannan ba maganar wasa ba ce. Shekaru da dama ke nan yankin Bade da garuruwan da ke bin gaɓar kogi suna fama da yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin jihar Yobe ta nemi haɗin kan masana na cikin gida da na Ingila don a gano musabbabinsa. Ana zargin ruwan sha, ana zargin magungunan feshi, bincike kuma na ci gaba. A irin wannan gari, duk wanda ya ce yana son sanin asalin abin da ke shiga cikinsa ba za a ce ya cika tsoro ba. Mutane sun san ana zuba wa kayan ajiya magani ba bisa ƙa'ida ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki. Sun kuma ga yadda ake shanya amfanin gona a ƙasa ko a gefen kwalta, ƙura na sauka, dabbobi na ratsawa. Zobon da aka cira a tsakar gida, aka shanya a tabarma mai tsabta a kan rumfa, aka ɗaure a buhu, mai shi ta san tarihinsa tun daga iri.

Masu adawa a nan suna da martani mai nauyi, wanda ya kamata masu shuka su saurara da kyau. Sun ce haɗarin zobo galibi ba daga busasshen ƙoƙon yake zuwa ba, tunda ana wanke shi a tafasa. Yana zuwa ne daga abin da ke biyo baya: ruwan da aka sirka da shi bayan an sauke, ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, gorunan da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, da garin ƙamshi da na tsami da ake saya a ƙulle ba suna ba kwanan wata. Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 shaida ne. Ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, hukumomin jihar suka tabbatar da mutuwar aƙalla 10, bayan shan abin sha da aka haɗa da wani gurɓataccen sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Wanda ya noma zobonsa da hannunsa amma ya zuba masa irin wannan gari bai tsira daga komai ba. Wanda kuma ya sayi na kasuwa ya wanke, ya tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya bar tsaminsa na asali, ya fi shi kusa da lafiya.

Haka maganar cewa zobo na sauke hawan jini take. Gaskiya ne an gwada: a wani bincike da masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a 2010, an ba mutum 65 masu ɗan hawan jini kofi uku kullum har mako shida, kuma awon sama na waɗanda suka sha zobo ya sauka da kimanin maki 7, na waɗanda suka sha abin kwatance kuwa da maki 1 da ɗoriya. Amma wannan ba ya bambanta na gida da na kasuwa, kuma ba ya nufin jarkar da aka narka wa sukari har cokali ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50. Mai shan maganin hawan jini, da mai juna biyu, da wanda likita ya riga ya ce ƙodarsa ta taɓu, su tambayi likita kafin su mai da zobo ruwan sha, ko da a ƙofar ɗakinsu ya tsiro. A wannan gaɓa dai masu adawa sun fi gaskiya.

Sai batun ruwa, wanda a arewacin Yobe shi ne alƙalin kowace shuka. Ruwan saman da Gashuwa da Nguru ke samu bai wuce milimita 400 zuwa 600 ba a yawancin shekaru, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa kusa da garin, amma kogi ba ya shiga randa da kansa. Gidaje da yawa sun dogara ne da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura. Magidancin da ke biyan kuɗin jarka kullum yana da haƙƙin ya ɗaure fuska in ya ga ana kwarara ta a gindin ganye a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

To amma wannan ƙorafi ya faɗa ne a kan wanda ya shuka yakuwa ba a lokacinta ba, kuma ita kanta shukar ba ta yarda da haka. Yakuwa tana auna tsawon yini. Gashuwa na kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda yini mafi tsawo, a watan Yuni, yake kusan awa 13, mafi gajarta kuma, a Disamba, yake awa 11 da kusan minti 20. Muddin yini na da tsawo, yakuwa kara da ganye take yi, ta kai tsayin mutum ko ta wuce. Sai yini ya fara raguwa zuwa wajen awa 12, a Satumba da Oktoba, sannan take fitar da furenta mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da jan ido a tsakiya, wanda ke buɗewa da safe ya rufe a ranar. Wanda ya shuka ta a Disamba yana ban-ruwa zai ga ta yi fure tun tana ƙarama, ta tsaya a tsugune da 'ya'ya kaɗan. Wannan ƙa'ida ce ke raba shukoki da ƙasashe.  Yakuwa kuwa an yi ta ne daidai da wannan sama. Tana da doguwar saiwa mai nitsewa cikin rairayi, in ta kafu a Yuli da Agusta takan ƙarasa da laimar da ta rage, da ɗan taimakon ruwan ɗaurayar hatsi ko na alwala in damina ta ɗauke da wuri. Ruwan wanki mai sabulu da omo ne bai kamata ya je gindinta ba.

Ƙorafin da ba a iya kaucewa shi ne na katanga. Gidajen ƙasa da yawa a Gashuwa sun sha wuya a ambaliyar 2022, kuma kowa ya san ginin ƙasa daga tushe yake mutuwa. Shukar da aka manna wa katanga tana hana rana busar da gindin, ramin da aka yi mata yana riƙe ruwa, in ta yi duhu kuma ta toshe hanyar rariya. Magidancin da ya ce a tumɓuke ba mugunta yake yi ba, yana tuna kuɗin yaɓe ne. Maganin abin a ja da ita baya kamu biyu ko uku daga bango, a ɗaga mata kunya maimakon a yi mata kwari, tunda ita ma ba ta son ruwa ya kwanta mata. A gidan da ke cikin kwari, inda ruwa ke kwana a tsakar gida duk marka, babu dabarar da za ta yi aiki, saiwar ruɓewa za ta yi.

Zancen sauro ya fi rauni. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a tsohuwar taya da fasasshen tulu da kwata, ba a ganye ba, ko da yake yakan laɓe a duhuwa da rana. Gindi shida masu tazara ba duhuwa ba ne. Awaki kam matsala ce ta gaske: akuya ɗaya da ta tsinke igiya za ta iya gama aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar, don haka wanda ba zai iya kafa 'yar danga ta kara ko tsohuwar ragar sauro ba gara ya haƙura. Akwai kuma ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye, da wasu tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Waɗannan na ƙarshe suna taruwa ne in ana maimaita wuri ɗaya kowace shekara, musamman in ana musanya yakuwa da kuɓewa, domin danginsu ɗaya da ita da auduga da rama. Abin takaici shi ne a ga wadda ta shuka don gudun magani ta ɗauko ragowar maganin feshin gona ta watsa wa ganyen da za ta tsinka gobe. Toka da ruwan ganyen darbejiya sun isa ga 'yan gindin da ke cikin gida.

In aka auna duka, kuskuren da ɓangarorin biyu ke yi shi ne auna yakuwar gida da mudun zobo. A wannan ma'auni kasuwa ce za ta ci kullum, domin manomin da ya zagaye kadada da ita ya fi tsakar gida arha. Amfanin ta gida yana ganye, a watanni biyu zuwa uku da miya ta fi wuya, sannan yana iri. Zobo kala-kala ne: akwai mai duhun ja har ya yi kamar baƙi, wanda ke ba da launi mai kauri, akwai ja mai haske wanda ya fi tsami, akwai fari da ake sawa a miya. Yakuwa galibi da kanta take barbarar kanta, don haka matar da ta zaɓi gindin da ya fi kyau ta bar 'ya'yansa suka bushe a kai, abin da ta ajiye shi zai fito mata baɗi. Ta haka ne iri masu jure ƙarancin ruwa suke wucewa daga uwa zuwa 'ya, daga maƙwabciya zuwa maƙwabciya, ba tare da an rubuta sunansu a ko'ina ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da shirin raya karkara na NEAZDP da ke Garin Alƙali za su yi aiki mai amfani in suka tattara irin da ke hannun matan Bade da Nguru suka gwada su gefe da gefe, a san wanne ya fi ganye, wanne ya fi ƙoƙo, wanne ke nuna da wuri in ruwa ya ɗauke a farkon Satumba.

Akwai zaɓin da dole mai shuka ta yi tun farko, wanda sau da yawa ba a faɗa mata. Ganye shi ke ciyar da ƙoƙo, saboda haka gindin da aka yi ta tsiga duk damina ba zai ba da zobon kirki ba. Mai gindi takwas za ta iya ware biyar na miya, ta riƙa datse kansu don su yi rassa, ta bar uku ba ta taɓa su sai kaka. Mai haya a ɗaki ɗaya da tsakar gidan siminti tana iya cika tsohon buhu biyu da ƙasa da taki ta huda gindinsu, za ta sami ganye, amma kada ta sa ran zobo mai yawa domin saiwar ba ta da wurin nitsewa. Wadda sana'arta ce sayar da zobo kuwa, lokacin da za ta ɓata tana tsaron awaki ya fi mata amfani a kan tafasa ruwa da wanke goruna, ta sayi nata da yawa a Nuwamba da Disamba lokacin da sabo ya shigo kasuwa, ta ƙara shanya shi kwana biyu a tabarma kafin ta ɗaure a ɗaki marar laima.